Jinkirin Allura ta Biyu Ba Ya Ɓata ta Farko

A lamba 1100 kan titin Wendover ta Gabas, a birnin Greensboro na jihar Carolina ta Arewa a Amurka, akwai ofishin kiwon lafiyar jama'a na gundumar Guilford. Mutanen gundumar sun haura 540,000, cikinsu har da ɗimbin 'yan Nijar, Hausawa da Zabarmawa, da suka daɗe da zama a can. A farkon shekarar 2021 wannan ofishi na cikin waɗanda aka ɗora wa nauyin yi wa jama'a rigakafin korona. Duk wanda aka yi wa allurar farko, sai a zaunar da shi minti 15 a ga ko jikinsa zai nuna wani abu, sannan a miƙa masa ɗan farin kati mai ɗauke da sunan allurar, da lambar rukunin da aka haɗa ta, da ranar da zai dawo: bayan kwana 21 idan ta Pfizer ce, bayan kwana 28 idan ta Moderna ce. Wannan rana ta hana mutane da yawa barci, domin sun ɗauka idan ta wuce, allurar farko ta tashi a banza. Ba haka abin yake ba. Ranar da ke kan katin tana nuna lokacin da bai kamata a riga shi ba ne, ba wa'adin da kariya ke ƙarewa ba. Jama'a na da abin kuka game da yadda aka raba allurar, amma ba a nan gizo ke saƙar ba.

Daga ina 21 da 28 suka fito? Daga gwajin da kamfanonin suka yi a 2020, na Pfizer a kan mutum sama da 43,000, na Moderna kuma kimanin 30,000. Annoba na cin rayuka kullum, ana bukatar sakamako da gaggawa, don haka aka ɗauki gajeriyar tazara aka gwada, ta kuwa yi aiki. Da hukumar magunguna ta Amurka ta ba da izinin gaggawa a ranakun 11 da 18 ga Disamba 2020, abin da aka gwada shi ta amince da shi, tunda shi ne ke da shaida. Wannan bai nuna cewa jikin ɗan Adam na ƙirga kwanaki ba. Allurar farko tana gabatar wa garkuwar jiki da kamannin ƙwayar cutar, jiki ya samar da sinadaran kariya, ya kuma ajiye wasu ƙwayoyin halitta masu riƙe wannan kamanni, waɗanda ke ci gaba da ƙwarewa tsawon makonni har watanni. Kamar almajiri ne da aka biya wa karatu: idan aka ba shi lokaci ya zauna da allonsa kafin a zo bita, haddar ta fi zama, kuma idan malam ya makara, ba a mayar da yaro farkon allo. Iyaye mata a Kano ko Maraɗi sun san wannan ƙa'ida tun kafin korona. Jaririn da ya kuskure allurar mako 10 ba a sake masa ta mako 6, ɗorawa ake yi daga inda aka tsaya.

An kuma gwada abin a aikace. A ranar 30 ga Disamba 2020, Birtaniya, da ke fama da sabon nau'in cutar da ƙarancin allura, ta yanke shawarar tsawaita tazarar zuwa mako 12, domin tsofaffi masu yawa su samu ta farko. An yi mata caa, har daga likitocin ƙasar. Sai dai binciken da aka buga a mujallar Lancet a farkon 2021 kan allurar AstraZeneca ya nuna kariya ta kai kusan kashi 81 cikin 100 ga waɗanda tazararsu ta kai mako 12 ko fiye, alhali masu ƙasa da mako 6 sun tsaya a kusan kashi 55. Wani bincike na jami'ar Birmingham a kan tsofaffi 'yan sama da shekara 80 da aka yi wa ta Pfizer ya gano cewa waɗanda suka jira mako 12 sinadaran kariyarsu sun ninka na masu mako 3 kusan sau uku da rabi. Kanada ta kai tazarar har wata huɗu a Maris 2021. Ita kanta Amurka, hukumarta ta yaƙi da cututtuka ta ce a Janairu 2021 ana iya kaiwa kwana 42 idan ya zama dole, kuma ko an wuce haka ba a sakewa daga farko. A Fabrairu 2022 ta ƙara da cewa mako 8 zai fi dacewa da wasu, musamman maza 'yan shekara 12 zuwa 39, domin hakan na rage yiwuwar kumburin tsokar zuciya da ake samu jefi-jefi bayan allura ta biyu.

Mai ƙorafi zai ce, to ai mutumin da ke jira yana yawo ne da rabin kariya. Wannan magana ce mai nauyi, kuma ita ce ta sa manyan jami'an lafiyar Amurka, ciki har da Dakta Anthony Fauci, suka ƙi bin sawun Birtaniya a lokacin. Da nau'in Delta ya ɓulla a tsakiyar 2021, bincike a Ingila ya nuna allura ɗaya na ba da kariyar kusan kashi 30 cikin 100 ne kawai daga kamuwa da ciwon, yayin da biyu na Pfizer suka kai kashi 88. Amma a duba abin da waɗannan alƙaluma ke faɗa. Suna cewa allura ta biyu wajibi ce, kuma wanda ke tsakanin biyun ya ci gaba da kaffa-kaffa, musamman tsoho da mai ciwon suga ko hawan jini. Ba su ce wanda ya makara ya yi asara ba. Haɗarin da ke cikin imani da cewa ta farko ta lalace shi ne yana sa mutum ya ce tunda ranar ta wuce, me zan je yi? Sai ya zauna a gida da allura ɗaya har abada, wanda shi ne ainihin halin da alƙaluman ke gargaɗi a kai.

Inda jama'a ke da gaskiya shi ne wajen rabo, kuma Greensboro ta ga wannan da idonta. A tsakiyar Janairu 2021 jihar ta buɗe ƙofa ga duk wanda ya kai shekara 65, alhali abin da take samu daga gwamnatin tarayya bai kusa isa ba. Cikin 'yan kwanaki, rukunin asibitocin Cone Health, mafi girma a birnin, ya sanar da ɗage alƙawuran allurar farko na mutum kusan 10,400, saboda kason da ya sa rai bai zo ba, a daidai lokacin da jihar ta tura kaso mai tsoka zuwa manyan gangamin rigakafi a yankin Charlotte. Hukumomi na da uzurinsu. A wancan lokacin allurar Pfizer na bukatar sanyin da ya kai digiri 70 ƙasa da sifili, kuma da zarar an haɗa kwalba, dole a ƙarar da ita cikin awa shida, don haka wurin da ake tara dubban mutane ya fi saurin aiki. Amma tsohon da ya yi ta fama da waya ko intanet kafin ya samu rana, sannan aka ce masa an ɗage, ba bayanin firji yake ji ba. Abin da ya fahimta shi ne an saɓa masa alƙawari, kuma daga nan zai fara shakkar ranar da ke kan katin ma. Sai da aka buɗe babbar cibiya da tallafin gwamnatin tarayya a kasuwar Four Seasons ranar 10 ga Maris 2021, mai iya yi wa mutum 3,000 a rana, sannan numfashi ya dawo. A ganina laifin ba na ƙarancin allura ba ne, wanda babu mai iko a kansa a lokacin. Laifin na ba da rana ne kafin kaya su shigo hannu.

Najeriya ta fuskanci irin wannan, har ma da ƙari. Kason farko na AstraZeneca, kusan miliyan huɗu, ya sauka Abuja ranar 2 ga Maris 2021 ta shirin COVAX na raba allurar korona ga ƙasashe. Ba a jima ba Indiya, inda ake haɗa ta, ta dakatar da fitarwa, sai hukumar kula da lafiya a matakin farko ta Najeriya ta umarci jihohi su tsayar da allurar farko idan sun cinye rabin kasonsu, a adana sauran don ta biyu. A Disambar shekarar kuma aka lalata allurai sama da miliyan ɗaya a Abuja, waɗanda ƙasashe masu hali suka bayar lokacin da wa'adinsu ya kusa ƙarewa. Idan mutumin Kano ya ga haka ya ce su ma ba su san abin da suke yi ba, bai kamata a yi masa dariya ba. Garin ne da a 1996 kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da ya ƙunshi yara kimanin 200 lokacin annobar sanƙarau, 11 suka rasu, kuma tabon wannan na cikin abin da ya kai ga dakatar da rigakafin shan inna a 2003, cutar ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Sai dai akwai bambanci tsakanin abin da aka yi a ɓoye da shawarar da aka sauya a fili saboda sabuwar shaida. Hukumar da ta ce kwana 21, daga baya ta ce mako 8 ya fi wa samari, ta bayyana dalilinta, aikinta take yi. Wadda ya kamata a ji tsoro ita ce wadda shaida ta zo mata ta yi kunnen uwar shegu.

Wata annoba za ta zo, kuma a farkonta allura ba za ta isa ba. Jami'an lafiya, daga titin Wendover har asibitin unguwa a Sakkwato, su faɗa wa mutum tun a allurar farko, da harshen da yake ji, cewa ranar da aka rubuta masa ana iya wuce ta ba tare da asara ba, kuma kada su ba da ranar da ba su da kayan cika ta. Kai kuma mai karatu, duba katinka da na 'ya'yanka, na korona ne ko na ƙyanda ko na ciwon hanta. Idan akwai gurbin da ba a cike ba, ɗauki katin ka je asibiti, ko da ranar ta wuce da watanni, a ɗora maka daga inda aka tsaya.