SAURON RANA DA MACE MAI CIKI

Kowa ya san sauron dare, mai kuka a kunne, wanda ke kawo zazzaɓi. Amma akwai wani sauro dabam wanda ba mu cika kula da shi ba. Shi baƙi ne, da ratsin fari a ƙafafunsa da bayansa. Da rana ya ke cizo, tun ba da safe da la'asar ba. Shi ne mai kawo ciwon shawara. Shi ne kuma mai ɗauke da wata cuta da a ke kira Zika.

Zika sunan wani kurmi ne a ƙasar Yuganda. A can aka fara samun ƙwayar cutar, a jinin wani biri, cikin 1947. Tsakanin 1971 da 1975 masu bincike a Ibadan suka same ta a jinin mutane. Watau ke nan ba baƙuwa ba ce a Nijeriya.

Da farko likitoci ba su ɗauke ta a bakin kome ba, don ciwon ba shi da tsanani. Cikin mutum 5 da suka kamu, wajen 4 ba su ko sanin sun kamu. Wanda ya ji ta a jika kuwa, sai ɗan zazzaɓi, da ƙuraje, da jan ido, da ciwon gaɓoɓi. Kafin mako ya zagayo ya warke, ya koma gonarsa.

Sai cikin 2015 cutar ta bazu a Barazil, wata babbar ƙasa a Amurka ta Kudu. Bayan 'yan watanni ungozomai da likitoci suka ga abin da ya tayar musu da hankali. Ana ta haihuwar jarirai masu ƙananan kai. Da aka bincika, sai aka tarar uwayensu da yawa sun kamu da Zika suna da ciki. A watan Fabrairu na 2016, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi shela cewa abin ya shafi duniya duka. Ta janye shelar a watan Nuwamba na wannan shekara, amma cutar ba ta ƙare ba. An ga irin jariran nan a Angola ma.

To, yaya abin ya ke faruwa? Ɗan da ke ciki daga jinin uwarsa ya ke samun abinci, ta hanyar mabiyiya. In sauro ya zuba ƙwayar a jinin uwa, tana iya bin wannan hanya ta shiga jikin ɗan. In ta shiga, ƙwaƙwalwa ta ke nema, ta hana ta girma. Ƙoƙon kai kuwa girman ƙwaƙwalwa ya ke bi. Don haka a kan haifi yaro da ƙaramin kai. Wani ya kan yi farfaɗiya, wani ba ya gani sosai, wani ba ya ji. Wani cikin ma ɓarewa ya ke yi. Haɗarin ya fi yawa a watanni 3 na farko, lokacin da wata ba ta ma faɗa wa kowa tana da ciki ba.

Kada dai a firgita. Ba ko wace mai ciki da ta kamu ce abin zai shafi ɗanta ba. Hukumar Lafiya ta ƙiyasta jarirai 5 zuwa 15 cikin 100. Kuma ba ko wane ƙaramin kai ne Zika ba. In Allah ya ba mu yaro haka, kada mu ce ɗan ruwa ne, kada mu ɗora wa wata tsohuwa maita. Asibiti za mu kai shi.

Har yanzu ba a sami maganin Zika ba, ba kuma allurar rigakafi. Saboda haka sauron za mu tare. Shi kuwa ba a kududdufi ya fi hayayyafa ba, a cikin gidajenmu ne. Ruwa mai tsabta ya ke so, na randa da tulu da kaskon kaji, da wanda ya taru a gwangwani ko tsohuwar taya. Macen ta kan manna ƙwanta a jikin randa daga ciki, dab da bakin ruwa. Ƙwan nan ko ya bushe wata da watanni ba ya mutuwa, da ruwa ya taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Cikin kwana 7 zuwa 10 tsutsar ta zama sauro. Ashe zubar da ruwa kaɗai bai isa ba. Sai an sa soso an goge cikin randa ko wane mako, sa'an nan a rufe ta da faifai ko murfin da ya kama bakinta sosai. Wannan aikin maigida da yara ne ma, ba na mata kaɗai ba.

Mai ciki ta riƙa sa tufafin da ke rufe hannu da ƙafa. In za ta yi barcin rana ta shiga gidan sauro, kamar yadda ta ke yi da dare. In ta ji zazzaɓi, ko ta ga ƙuraje, ta tafi wurin awon ciki ta faɗa, kada ta sayi ƙwaya a kasuwa.

Saura magana guda ga maza matafiya. Zika tana bin hanyar kwanciyar aure. Wanda ya dawo daga ƙasar da cutar ke yawo, ya tarar da iyalinsa da ciki, to, ya haƙura ko ya yi amfani da kwaroron roba har ta sauka, ko da yana jin kansa garau.