Abba Salama, Bawan da Ya Zama Limamin Habasha

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ana karatun sira ya san labarin hijirar farko, wadda sahabban Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka yi zuwa ƙasar Habasha wajen shekarar 615 ta Miladiyya, sa'ad da azabar Kuraishawa ta tsananta, aka umarce su da su ƙetare teku su nemi mafaka wurin Najashi, sarkin da ya shahara da adalci. Amma ba safai ake tsayawa a tambayi hanyar da addinin Almasihu ya bi ya isa fadar wannan sarki ba, har da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam ya fahimci abin da ake nufi, hawaye suka jiƙa masa gemu. Asalin al'amarin yana baya da wannan da kusan shekara 300, kuma yana komawa ga wani yaro da aka kama a bakin teku, wanda littattafan Rumawa ke kira Furumentiyus, mutanen Habasha kuwa suke kira Abba Salama, wato uban aminci.

Shi dai mutumin Taya ne, birnin da Larabawa ke kira Sur, a gaɓar tekun ƙasar Lebanon ta yau. A farkon ƙarni na 4 wani danginsu mai ilmin falsafa, Merofiyus, ya ɗauke shi tare da ɗan'uwansa Edesiyus, suka shiga jirgin ruwa suka bi Bahar Maliya. A kan hanyarsu ta komowa jirgin ya ratse wata tasha domin a ɗebi ruwa da guzuri, aka yi rashin sa'a a daidai lokacin alkawarin zaman lafiya tsakanin mutanen wurin da Rumawa ya warware, saboda haka aka far wa jirgin, aka karkashe duk waɗanda ke cikinsa, har da Merofiyus. Yaran nan biyu kaɗai suka tsira, domin an tarar da su a gindin wata itaciya suna bitar karatunsu, sai tausayi ya kama maharan, suka mayar da takubba kube, suka kai su kyauta ga sarkin Aksum, wato masarautar Habasha ta wancan zamani. Ban taɓa tuna wannan labari ba face gindin itaciyar nan ya tsaya mini a rai: marayu biyu a baƙuwar ƙasa, ba su san harshen kowa ba, jinin mai riƙonsu bai bushe ba, abin da ya rage musu a duniya shi ne ɗan karatun da ke hannunsu.

Karatun nan kuwa shi ya ɗaukaka su. Sarki ya sa Edesiyus ya zama mai shayar da shi, Furumentiyus kuma, da aka ga hankalinsa da natsuwarsa, aka danƙa masa takardun fada da lissafin baitulmali, abin da ba zai kasa tuna wa mai karatu ƙissar Annabi Yusuf a Masar ba. Da ajali ya gabato wa sarki sai ya 'yanta su, amma uwargidansa, wadda aka bari da ƙaramin yaro mai jiran gado, ta roƙe su kada su tafi sai ɗanta ya mallaki hankalinsa. Suka amsa. A cikin waɗannan shekaru, da ragamar mulki ke hannunsa, Furumentiyus bai tilasta wa kowa addini ba. Abin da ya yi shi ne ya binciko fatake Kiristoci da ke zuwa daga ƙasashen Rum, ya ba su filaye su gina wuraren ibada, ya riƙa taimakonsu da abin da suke bukata, har 'yan ƙasa suka fara leƙowa suna sauraro.

Da yariman nan, Ezana, ya girma, 'yan'uwan biyu suka miƙa masa amanar da ke hannunsu, suka yi sallama. Edesiyus ya koma Taya ya zama malamin majami'a, kuma daga bakinsa ne marubucin tarihi Rufinus ya ji wannan labari ya rubuta shi a farkon ƙarni na 5, don haka isnadinsa gajere ne ƙwarai. Furumentiyus kuwa bai nufi gida ba. Ya zarce Iskandariyya, wurin Atanasiyus, wanda ya hau kujerar shugabancin majami'ar birnin a shekarar 328, ya roƙe shi ya aika da bishop zuwa Aksum domin kada ɗan tsiron da aka shuka ya bushe. Atanasiyus ya tara malamansa, suka duba, suka ga babu wanda ya cancanci aikin kamar shi mai roƙon, wanda ya san harshen mutanen da al'adunsu, aka naɗa shi. A nan ne, a ganina, girman mutumin ya bayyana, domin ga ƙofar gida a buɗe, ga dangi da ya rabu da su tun yana yaro, amma ya juya da ƙafarsa ya koma ƙasar da aka bautar da shi, ya zauna cikinta har ƙarshen ransa.

Ba ruwaya kaɗai ke shaidar abin da ya biyo baya ba. Kuɗin da Ezana ya buga a farkon sarautarsa suna ɗauke da alamar jinjirin wata da faifan rana, na baya kuwa suna ɗauke da gicciye. Haka kuma a rubuce-rubucensa na kan dutse, da fari yana kiran kansa ɗan Mahrem, gunkin yaƙi, daga bisani ya koma jingina nasararsa ga Ubangijin Sama. Akwai ma wasiƙar da Sarkin Rum Kustantiyus na biyu ya aika wa Ezana da ɗan'uwansa Saizana wajen shekarar 356, lokacin da saɓani kan matsayin Almasihu ya raba kan Kiristoci aka kori Atanasiyus daga kujerarsa, yana neman a tura Furumentiyus Iskandariyya a sake bincika aƙidarsa. Duk da haka Habasha ta ci gaba da bin tafarkin Atanasiyus, kuma igiyar da aka ƙulla tun ranar naɗin nan ta yi ƙarko na ban mamaki, domin daga Masar aka riƙa aiko wa Habasha shugaban majami'arta ƙarni bayan ƙarni, sai a shekarar 1959 majami'ar ta sami cikakken 'yancin kanta da naɗin Abuna Basiliyos.

Ranar idinsa ta bambanta bisa ga mazhabobi. A da Katolika suna tunawa da shi ran 27 ga Oktoba, Orthodox na Girka da Rasha kuwa suna tunawa da shi ran 30 ga Nuwamba. Mutanen Habasha, waɗanda shekararsu ke da wata 13, sun keɓe masa kwana biyu: 18 ga watan Tahsas, wato ƙarshen Disamba, domin tunawa da naɗinsa, da 26 ga watan Hamle, wato 2 ga Agusta, ranar wafatinsa, wadda ke faɗowa a tsakiyar damina. Suna kuma yi masa laƙabi da Kesate Birhan, mai bayyana haske.

A majami'un da aka gina da sunansa, tun daren jajibiri mawaƙa ke tsayuwa suna rera yabo da harshen Gi'iz, kowa ya dogara da doguwar sandarsa ta ibada, yana kaɗa 'yar ƙararrawar ƙarfe a hannu, manyan ganguna na amsawa sannu a hankali har asuba. Da gari ya waye a karanta tarihinsa daga littafin waliyyai da suke kira Sinkisar, sa'an nan limami ya fito ɗauke da tabot a ka, allon alfarma da ke wakiltar akwatin alkawari na zamanin Annabi Musa, an lulluɓe shi da alharini, ana riƙe masa laima mai ado, a kewaya majami'a da shi, jama'a sanye da fararen mayafai suna biye, mata na guɗa. Bayan an tashi, masu hali sukan fito da gurasa da abin sha su raba wa miskinai da baƙi da sunan waliyyin, sadakar da suke kira zikir, kalmar da ta fito daga tushe ɗaya da zikirin da muka sani.