Mai ƙidayar lokaci a manhajar kwamfuta

Mai ƙidayar lokaci wata dabara ce da masu rubuta manhaja ke amfani da ita domin maimaita wani aiki bayan kowane ɗan lokaci, kamar sabunta agogo ko ajiye rubutu, ba tare da tagar manhajar ta daskare ba.

Dalilin daskarewa

Yawancin manhajoji masu taga suna da zare guda ɗaya da ke kula da duk abin da ake gani a allo. Zaren yana zagayawa ba tsayawa, yana ɗaukar saƙonni daga layi ɗaya bayan ɗaya: danna maɓalli, motsin linzami, ko buƙatar sake zana taga. Idan aka sa shi jira, misali da umarnin time.sleep na Python, saƙonnin sai su taru babu mai amsa su. A tsarin Windows, tagar da ta yi daƙiƙa 5 ba ta ɗauki saƙo ba, ana ɗaukarta a matsayin wadda ta daina amsawa. Sau da yawa mai amfani yakan rufe ta da ƙarfi, ya yi asarar aikin da bai ajiye ba.

Yadda ake magance shi

Maimakon jira, manhajar tana barin sallahu cewa a kira wani aiki idan lokaci ya cika, sannan zaren ya koma kan saƙonninsa. A Tkinter, wanda aka gina a kan Tk da John Ousterhout ya fitar a 1991, ana yin haka da after(), inda ake ba da tsawon jiran a milisakan, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Sau ɗaya after() ke kiran aikin, don haka dole aikin ya sake kiransa kafin ya ƙare. After_cancel() kuma shi ke soke sallahun. Qt na da QTimer, Swing na Java na da javax.swing.Timer, Windows kuma na aika saƙon WM_TIMER.

Iyakoki

Mai ƙidayar lokaci ba ya cika alkawari daidai wa daida, domin sai zaren ya samu sarari yake kiran aikin. Haka kuma jinkiri kan taru. Idan aiki na cin milisakan 200, sannan a jira 1,000, kowane zagaye ya zama 1,200. Agogon da ke ƙirga zagayen zai yi lattin minti 10 cikin awa guda. Shi ya sa ake karanta lokaci daga agogon kwamfutar kanta.

Aiki mai nauyi, kamar sauke babban fayil daga intanet, zai daskarar da tagar ko da mai ƙidayar lokaci ne ya kira shi. Irin wannan ana miƙa shi ga wani zare daban. Sai dai a Qt da Swing ba a yarda zare na biyu ya taɓa kayan taga kai tsaye ba. Yana aika sakamakonsa ne ga babban zaren, shi kuma ya nuna a allo.