Ɗaurin Talala: Hakkin Kare Mai Tsoro

Sanin kowa ne cewa Bahaushe yana da kalmomi da dama na tsare dabba: turke, dabaibayi, ragama da talala. A matsayina na mai nazarin harshe, ta ƙarshen ce ta fi ba ni sha'awa. Talala doguwar igiya ce da ake ɗaura wa dabba ta yi kiwo ba tare da ta ɓace ko ta faɗa gonar wani ba. Daga nan 'yan jarida suka ari "ɗaurin talala" ga wanda hukuma ta tsare a gidansa. Abin mamaki, jaki da akuya muke yi wa wannan adalci, kare kuwa sai guntuwar sarƙa.

A ƙasar Haɗeja, kare na gadi ne ko na farauta. Idan yana yawan haushi da zabura, sai mu ce mugu ne, mu ƙara tamke igiya. Alhali sau da yawa tsoro ne ke cinsa. Dabbar da ta firgita, abin da take nema shi ne ta ja da baya. In igiya ta shaƙe ta, ba hanyar gudu, me ya rage mata in ba haƙori ba?

Shawarata ita ce a fita da irin wannan kare da sanyin safiya, a gefen fadama inda ba cunkoso, da igiya mai kamar mita 5, a sake ta ta yi laushi. A bar shi ya sansana ƙasa, ya tsaya nesa da abin da ke firgita shi. In garken shanu ko yara sun tunkaro, a naɗe igiyar a hankali, a kauce.

Amma fa talala ba saki ba ne. Dausayin Baturiya, wanda aka sa cikin jerin Ramsar a 2008, masaukin tsuntsayen da ke zuwa daga Turai ne, ba filin guje-gujen karnuka ba. Haka kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya. Don haka allurar rigakafi wajibi ce kafin a tsawaita igiya.

Kalmar tamu ce, hikimar ma tamu ce. Allah Ya sa mu tausaya wa abin da Ya damƙa a hannunmu.