Gyaran Tsohuwar Kujera da Tsohon Tebur

A kusan kowane gida akwai kujera mai gurguwar ƙafa, ko tebur mai rawa, ko akwatin katako da marfinsa ya ɓalle. A makaranta ma haka ne. Bayan aji ba a rasa benci biyu ko uku da aka jingine, rana na dukansu, ruwa na dukansu. Daga ƙarshe gara ta ci rabi, sauran rabin a kai shi murhu. Alhali kuwa yawancin kayan nan ba su mutu ba. Wuri guda ne ya lalace, sauran jikin yana nan da ƙarfinsa. Wanda ya san yadda ake gyara, yana iya maida su sababbi da hannunsa, ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba.

Katako abu ne mai tsada

Nijar ƙasar Sahel ce, ba ta da manyan kurami. Yawancin katakon da kafintoci ke aiki da shi, ja da fari, daga ƙasashen kudu ake kawo shi, kamar Nijeriya da Gana. Kafin ya iso Maraɗi ko Tawa ya sha tafiya cikin mota, kuɗin tafiyar kuma yana hawa bisa kuɗinsa. Itatuwan gida masu ƙarfi, irin su maɗaci da ƙirya, sai sun yi shekaru gommai kafin su isa sassaƙa.

Farin shekarun 1973 da 1984 ya kashe itatuwa da yawa. Tun 1975 aka keɓe ranar 3 ga watan Agusta domin dashen itace a ƙasa duka. A 1984 kuma aka yi babban taro a Maraɗi bisa yaƙi da hamada. Daga baya manoman jihohin Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin ƙananan gawo da sauran tsiro suna girma cikin gonakinsu, har ƙasa ta sake yin kore a wurare da dama. Duk wannan wahala ce aka sha domin itace. Saboda haka kujerar da aka gyara, itace ne aka bari tsaye.

Gyara ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. In ƙwarya ta fashe, gyartai ke ɗinke ta. In turmi ya tsage, maƙeri ke ɗaure shi da ƙarfe. A Yamai akwai kasuwar Katako, inda ake saida katako sabo da tsoho, ake kuma maida tsofaffin ƙarafa kayan amfani. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon katako ma yana da wani abin da sabo ba shi da shi: ya riga ya bushe sarai, ba ya ƙara lanƙwashewa kamar ɗanye.

Dubawa kafin a fara

Ba kowane tsohon kaya ne ya cancanci gyara ba. Ko a gida aka same shi, ko a wajen masu gwanjo za a saya, sai an duba shi cikin hasken rana.

Da farko a kifa shi, a dubi ƙafafu, domin nan gara ke fara ci. Gara tana cin ciki ta bar baya lafiya lau. Sai a ƙwanƙwasa katakon. Mai lafiya yana amo mai ƙarfi, wanda aka cinye yana amo kamar fanko. A danna tsinin ƙusa a jikinsa. In ta nutse ba wuya, wurin ya mutu.

Na biyu a nemi ƙananan ramuka kamar na allura. In gari mai laushi yana zuba daga cikinsu, akwai ƙwaro a ciki yana ci. In gado ne, a duba lungunansa saboda kuɗin cizo. Ɗigo-ɗigon baƙi a mahaɗar katako shi ne alamarsa.

Na uku a gane irin katakon. Akwai kayan da ba da katako na ainihi aka yi su ba, garin katako ne aka dama da gam aka matse. Irin wannan in ya sha ruwa sai ya kumbura ya marmashe, ba ya riƙe ƙusa, gyaransa ɓata lokaci ne. Amma in katako na ainihi ne, kuma ƙafa ɗaya ko sanda ɗaya ce ta mutu, ana iya canza ta a bar sauran.

Zafi yana kashe ƙwari. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ana naɗe kayan cikin baƙar leda a bar shi a rana kwana biyu ko uku. Ga kuɗin cizo kuma, manya suna zuba tafasasshen ruwa cikin mahaɗai, sa'an nan a shanya gadon ya bushe.

Mi ke sa kujera rawa?

Kujerar da masassaƙi ya fafe daga gungume guda ba ta rawa, domin ba ta da mahaɗi. Ta kafinta kuwa guntaye ne aka haɗa. Kowace ƙafa tana da rami, kowace sandar gicciye tana da kai da aka fiƙe domin ya shiga ramin, a sa gam ya riƙe.

Katako yana shan laima daga iska. Da damana sai ya kumbura, shi ya sa ƙofa ke ƙin rufuwa a watan Agusta. Da iskar hunturu ta taso sai ya bushe ya tsuke. Wajen faɗi yake kumbura da tsukewa, tsawonsa kusan bai canzawa. Shekara da shekaru ana wannan kai da kawo, sai gam ya saki, kan sanda ya riƙa wasa cikin raminsa. Nan rawa ke farawa.

Mutane da yawa in sun ga haka sai su buga babbar ƙusa. Kujera ta yi shiru mako biyu, sa'an nan ƙafar ta tsage, ɓarna ta fi ta da. Maganin mahaɗin da ya saki shi ne a kwance shi, a tsabtace, a sake mannewa.

Kayan aiki

Ba a buƙatar kaya masu yawa: guduma, filaya ta cire ƙusa, ƙaramin zarto, wuƙa, awo na santimita, alli, farin gam na katako, buroshi, tsumma, da takarda mai rairai wadda kafintoci ke kira samfefa. Ana kuma neman igiya mai ƙarfi, ko robar cikin tayar keke wadda aka yanka tsaye-tsaye. Abin da babu a gida ana iya aro, a kuma maida shi da tsabta.

Aikin daki-daki

Ana farawa da wanki. A goge kujera da jiƙaƙƙen tsumma da ɗan sabulu, ba a tsoma ta cikin ruwa. A bar ta ta bushe a inuwa.

Kafin a kwance komi, a rubuta lamba da alli a kowane mahaɗi: 1 a jikin ƙafa, 1 a jikin sandarta, 2 da 2, har a gama. Wanda ya manta wannan zai sha wuya wajen haɗawa, domin ramukan ba daidai suke ba.

A cire tsofaffin ƙusoshi da filaya. A raba guntayen a hankali. In za a buga da guduma, a ɗora guntun katako a wurin tukuna, kada guduma ta bar tabo. Mahaɗin da ke da ƙarfi a bar shi yadda yake.

A kankare tsohon gam daga cikin rami da kan sanda har katako ya fito fili. Wannan shi ne wurin da aka fi yin ganda, kuma shi ne mafi muhimmanci, domin sabon gam ba ya kama tsoho. In ramin ya yi wa sanda yawa, a naɗa zaren auduga a kan sandar, ko a soka siririn ɓallin katako a gefe, har ta shiga da ɗan ƙarfi.

A gwada haɗa kujerar duka ba gam. In komi ya zauna, a sake kwancewa, a shafa gam cikin rami da kan sanda, a haɗa nan da nan. A naɗe ƙafafun da robar taya a ja ta sosai. In igiya ce, a zagaya ta sau biyu, a soka ɗan sanda tsakani a murɗa har ta yi tauri. Gam da ya tsattsafo a share shi da jiƙaƙƙen tsumma kafin ya bushe.

Tun gam yana ɗanye ake duba ko kayan ya miƙe. A tsaida shi bisa daɓe mai daidai, a ga ko ƙafafu huɗu sun taka. Ga tebur, a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sa'an nan a auna ɗaya gicciyen. In awo biyun sun zo ɗaya, kusurwoyin sun tsaya daidai. Misali, tebur mai tsawon santimita 120 da faɗin santimita 50, kowane gicciyensa santimita 130 ne. In ɗaya ya fi ɗaya, a matsa mai tsawon har su daidaita.

Daga nan a bar shi awa 24 ba mai zama, ba mai taɓawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙananan ramuka da tsaga ana cike su da garin zarto da aka dama da gam. Inda dole ne a buga ƙusa, kamar allon benci, a dakusa tsininta da guduma tukuna. Dakusasshiyar ƙusa tana murƙushe katako ta wuce, mai tsini kuwa tsaga shi take yi. Aljihun tebur da ke ƙin fita, a goga masa kyandir ko busasshen sabulu a gefe.

Hattara

Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma. Dalma guba ce. Tana shiga jiki ta hanci da baki, tana taɓa ƙwaƙwalwar yara, ta rage musu fahimtar karatu, kuma ba a gane ta da ido. Saboda haka ba a goge tsohon fenti a bushe, ba a kuma ƙona shi. In bai ɓare ba, a wanke a shafa sabo bisansa. In yana ɓarewa, aikin manya ne: su jiƙa wurin, su kankare a waje, su tattara ɓawon su kai shi nesa da yara, da dabbobi, da abinci. A wanke hannu da sabulu kafin a ci komi.

Tsofaffin ƙusoshi a tara su cikin gwangwani, kada a bar su ƙasa. Wanda ƙusa ta soka, ya wanke ciwon da ruwa da sabulu, a kai shi likita ran nan, saboda ciwon sarƙewar haƙora da ake kira tetanos. Mai yanka da wuƙa kada ya jawo ta wajen jikinsa. Zarto kuwa yaro ba ya riƙe shi sai babba na kusa.

Gogewa da shafi

Katakon da ba shi da tsohon fenti ana goge shi da samfefa. A bayan takardar akwai lamba. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babba ita ce mai laushi. A fara da 80, a koma 120, a ƙare da 180. A naɗa takardar a guntun katako, a riƙa bin tsawon jijiyoyin katakon. In aka gicciye su, zane zai fito bayan shafi. A rufe hanci da ƙyalle, a share ƙurar sarai in an gama.

Katako mai kyaun launi, irin maɗaci, man ƙyalli ya fi dacewa da shi, domin jijiyoyinsa su fito. Farin katako ko mai tabo ana yi masa fenti. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri, wanda ke zuba yana kuma jinkirin bushewa. A bar na farko ya bushe kafin a yi na biyu. A yi aikin a waje cikin inuwa, nesa da wuta, ran da ba a ƙura. Kada a manta ƙarƙashin ƙafafu, domin ta nan laima ke shiga.

Bayan gyara

Rigakafi ya fi magani. Ba a barin kayan katako su kwana cikin ruwan sama. In ɗakin turɓaya ne, a ɗora ƙafafu bisa fale-falen duwatsu, a ɗan janye kayan daga bango, a riƙa shara ƙarƙashi domin a ga hanyar gara tun tana sabuwa. Ba a lilo bisa ƙafa biyu na kujera, ba a jan tebur a ƙasa, ɗauka ake yi. Mahaɗin da ya fara motsi a gyara shi cikin makon, kafin ya ja sauran.

A aji mai cunkoso, benci guda da aka gyara yana ɗauke yara uku daga zaman ƙasa. Yaron da ya gyara guda ya koyi awo, ya koyi haƙuri, ya kuma san darajar itace. In ya ga wani bencin a jingine bayan aji, ba zai kai shi murhu ba sai ya kifa shi ya duba.

Tambayoyi

1. Mi ya sa katako ke da tsada a Nijar?
2. Yaya ake gane katakon da gara ta ci?
3. Mi ke faruwa da katako da damana, mi ke faruwa da shi da hunturu?
4. Don mi ake kankare tsohon gam kafin a sa sabo?
5. Wane hatsari ke cikin tsohon fenti?
6. Tebur yana da tsawon santimita 80 da faɗin santimita 60. Gicciye ɗaya ya ba da 97, ɗayan ya ba da 103. Ya miƙe ko bai miƙe ba?