Kibod Ɗaya, Harufa Daban: Wahalar Makaho Mai Koyon Kwamfuta a Gaya

Mai ido idan ya zauna gaban kwamfuta, idonsa ne ke nemo masa harafi. Makaho kuwa haddace wuraren yake yi da yatsunsa. Akwai ɗan tudu a kan maɓallin F da na J. Nan yake ɗora manuniyarsa ta hagu da ta dama, daga nan ya auna inda sauran suke. Aka gusar masa da harafi ɗaya, to an ɓata masa haddar watanni.

Masu lalurar gani da ke neman koyon kwamfuta suna ƙaruwa a ƙasar Kano, har da Gaya da Ajingi, kuma ba a rasa dalili ba. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2017 kuma ta kafa kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola don makafi, da cibiya a Kano. A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Sai dai abin da ya fi waɗannan tasiri shi ne araha. JAWS, manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke fuskar kwamfuta, ta kuɗi ce, kuma da tsada. NVDA, wadda wani makaho ɗan Ostireliya, Michael Curran, ya fara a 2006, kyauta ce. Yaron da ya koyi rubutun makafi a makarantar Tudun Maliki, ko wanda ya saba da TalkBack, manhajar da ke karanta masa abin da ke wayarsa, yanzu yana ganin jami'ar Wudil da ke maƙwabtaka ko ta Bayero ba su fi ƙarfinsa ba.

Matsalar tana farawa ne daga kasuwa. Kwamfutar da ɗan Gaya zai iya saye galibi 'yar gwanjo ce daga Titin Beirut ko Farm Centre, kuma kowace da ƙasar da ta fito. Ta Amurka da ta Ingila duk jerin QWERTY ne, amma alamar @ ta adireshin imel ba wuri ɗaya take ba, maɓallin Enter ma siffarsa daban. Ta Jamus ta musanya Y da Z. A Turanci wannan ƙaramin abu ne. A Hausa kuwa wanda ya nufi "ya zo" sai ya rubuta "za yo". Ta Faransa, wadda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da ita, ta fi muni: A ta koma gurbin Q, W ta koma gurbin Z, M ma ta yi ƙaura. Babu harafin da Hausa ke ci kamar a, ga shi kuma ba ta amfani da q ko kaɗan.

Manhajojin koyar da bugu masu magana, irin su Talking Typer ta wata maɗaba'ar makafi a Amurka, an gina su ne a kan kibod ɗin ƙasarsu da kalmomin harshensu. Ɗalibin da Turancinsa bai nuna ba yana kokawa da abu biyu: gane muryar na'ura, da gano maɓalli. Ta ce masa ya danna wuri kaza, ya danna, wani harafi ya fito, ya ɗauka shi ne daƙiƙi.

Sai kuma harufa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, da suka shigo boko a shekarun 1930 ta ofishin talifi na Zariya, zamanin Rupert East. Babu su a jikin ko ɗaya daga cikin waɗannan kibod. Mai ido yana ganin "kasa" ya gane daga zancen ko ƙasa ake nufi. Makaho kunnensa ne idonsa, kuma muryar Turanci ko dai ta tsallake harafin, ko ta jero masa dogon sunansa a tsakiyar kalma. Sakamakon shi ne wasu makafin suna barin lanƙwasar, wasu ma su bar rubuta Hausar, su koma saƙon murya a WhatsApp.

A ganina rabin wannan wahala ta rashin sani ce. Fentin da ke kan maɓalli bai dami makaho ba. Tsarin da aka zaɓa a cikin Windows shi ke hukunci, kuma sauya shi aikin minti biyu ne. Akwai ma tsarin Hausa a ciki. NVDA kuma tana da darasi a ɓoye: a danna Insert da 1 tare, duk maɓallin da aka taɓa za ta faɗi sunansa ba tare da ta rubuta komai ba.

Saboda haka masu shagunan kwamfuta da malaman makarantu a Gaya da Ajingi, kafin ku zaunar da makaho, ku duba tsarin da ke kan na'urar, ku tsayar masa da guda ɗaya, ku yi masa bayani da Hausa. Sauran rabin, wato muryar da za ta furta ƙ da ɗ yadda Bagaye ke furta su, aikin masana harshe da na kwamfuta ne na Bayero da Wudil, kuma muna jiran su.