Hutun Hunturu a Bakin Teku: Abin da Ya Kamata Ɗan Kaduna Ya Sani Kafin Ya Kama Hanya

Da zarar Disamba ta kama, makarantu suka rufe, hazo ya sauko, unguwannin kudancin kogin Kaduna sukan shiga haramar tafiya. A tashar Television manyan motoci na ta lodi, hanyar Gonin Gora kuma ta cika da masu barin gari. A da, tafiyar ƙarshen shekara ta ganin gida ce: wannan ya nufi Kafanchan, wancan Kachia ko Zonkwa. Yanzu an samu sabon yayi. Wasu matasa ma'aikata da iyalai masu ɗan hali daga Barnawa, Narayi, Kakuri da Sabon Tasha sukan haɗa kuɗi su kama gidan haya na 'yan kwanaki a wani ƙauyen bakin teku, a Badagry ko Ibeju-Lekki a jihar Legas, ko Ibeno a Akwa Ibom. Wasu ma sukan tsallaka iyakar Seme zuwa Ouidah da Grand-Popo a Jamhuriyar Benin.

Babu aibi a cikin wannan. Najeriya na da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 850, kuma abin sha'awa ne yaron da ya tashi a Ungwan Romi ya ga ruwan da ba a hango ƙarshensa. Sai dai baƙo ko da ido makaho ne. Wanda ya girma ɗaruruwan kilomitoci daga teku yakan isa can da sanin da ya samu a kogi, kuma wannan sanin ne yakan yaudare shi.

Tun daga gidan haya

Tarkon farko yana cikin waya. A ƙarshen shekara gidajen haya na ɗan lokaci sukan yi tsada a Legas saboda masu dawowa hutu daga ƙasashen waje, 'yan damfara kuma sun san da haka. Sukan kwashi hotunan gidan wani su saka a Instagram ko Facebook da farashi mai sauƙi, su ce saura gida ɗaya, a turo kafin alƙalami yau ko wani ya kama. Kuɗi na shiga, lamba ta daina shiga.

Kada ka tura ko kwabo sai wani naka ya taka ƙafa ya ga gidan. Akwai 'yan Arewa a Agege, Idi-Araba, Mile 12 da Alaba Rago da ke kan hanyar Badagry. A Kwatano ma akwai Zango. In babu wanda za ka aika, ka sa mai gidan ya kira ka ta bidiyo, ya fara daga titi, ya shiga ƙofa, ya buɗe famfo, ya kunna wuta kana gani. Ka duba ko sunan da ke kan asusun banki ya yi daidai da sunan wanda kake magana da shi. Kuɗin da ake ajiyewa don gudun ɓarna kuwa, a rubuta nawa ne da ranar da za a mayar.

Ka kuma tambayi halin da wurin yake ciki a yau, domin gaɓar Legas na sauyawa. A 2024 aikin babbar hanyar Legas zuwa Kalaba ya ci wani ɓangare na wuraren shaƙatawa na bakin teku, hotunansu kuma suna nan a intanet kamar babu abin da ya faru.

Teku ba kogin Kaduna ba ne

A hunturu kogin Kaduna yakan ja baya, duwatsu su fito, yaran Nasarawa da Kudenda su yi ta wanka. Kogi hanya ɗaya yake bi, wanda ya saba da shi ya san inda zai kai shi. Teku kuwa zuwa yake yi ya koma. Gaɓarmu tana da gangara, igiyar ruwa na tasowa daga can tsakiyar Atlantika ta fashe dab da tudu. Kana tsaye ruwa iya gwiwa, igiyar za ta buge ka, in za ta koma ta zare yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Haka ƙato yake faɗuwa. Zani, doguwar riga da hijabi in suka sha ruwa nauyi suke yi, su naɗe ƙafafu.

Abin da ya fi cin rai shi ne wata hanyar ruwa da baƙo ba ya ganewa. Ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa dole ya koma, sai ya samu wata 'yar kafa tsakanin tudun yashin da ke ƙasa ya bi da ƙarfi zuwa cikin teku. Gudunsa na iya wuce mita 2 a daƙiƙa guda, abin da gwanin ninƙaya na duniya ma ba ya iya ja da shi. Abin takaici, wurin ne ya fi kama da lafiyayye: babu kumfa, igiya ba ta fashewa, ruwan ya ɗan yi duhu, ya kwanta luf. Nan ne uba zai duba ya ce wa yara su shiga. In ka ga irin wannan fili tsakanin igiyoyi biyu masu fashewa, ko ka ga ciyayi da tarkace suna tafiya ciki maimakon su fito, ka nisance shi.

Wanda ruwan ya ja, kada ya yi ƙoƙarin komowa tudu kai tsaye, gajiya ce ke kashewa. Ruwan ba ƙasa yake jan mutum ba, ciki yake kai shi. Ya kwanta rigingine ya yi numfashi, ya ɗaga hannu a gan shi, in yana da ƙarfi ya yi iyo ta gefe, daidai da tsawon gaɓa, har ya fita daga hanyar. Na tudu kuma kada ya faɗa da sunan ceto, domin sau da yawa gawa biyu ake fitarwa maimakon ɗaya. A jefa masa jarka marar komai mai murfi, ko igiya, a kira masunta. A Legas lambobin gaggawa su ne 112 da 767, amma a ƙauye masunci ya fi motar asibiti kusa.

Gaskiya ne teku ya fi lafawa a hunturu fiye da damina, irin lokacin da ya yi ambaliya a gaɓar Kuramo a Agustan 2012 ya tafi da mutane. Amma lafawa ba aminci ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, yara da matasa kuma su ne suka fi yawa. Mafi yawan gaɓar ƙauye babu mai gadin ruwa. A ware babba ɗaya wanda aikinsa kallon yara ne kawai, ba waya, ba hira. Ruwa kuma yakan cika ya janye sau biyu a kwana, don haka dutsen da ka hau ɗaukar hoto da hantsi yana iya zama a tsakiyar ruwa da la'asar.

Kwale-kwale da daren ƙauye

Wasu wuraren, kamar Tarkwa Bay da tsibirin Gberefu na Badagry inda aka riƙa lodin bayi zuwa ƙetare, sai da jirgin ruwa ake zuwa. Hukumar NIWA ta tarayya da LASWA ta jihar Legas sun wajabta sa rigar kariya, sun kuma hana tafiyar dare. Ka duba rigar da hannunka: maɗaurinta na aiki? Akwai daidai yara? In jirgi ya cika fiye da kima, ka sauka ka jira wani. Ka lissafa komawa tun rana na sama.

A gidan kuma, janareto shi ne abin tsoro. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba marar launi marar wari, wadda ta sha hallaka iyalai cikin barci. Komai tsoron ɓarayi, kada a kunna shi a baranda, kicin ko kusa da taga. Sauron da sanyin Kaduna ya rage yana nan daram a bakin teku, a tafi da gidan sauro. Rijiyoyin gaɓa kan yi gishiri-gishiri, a tanadi ruwan sha. Wanda bai taɓa cin jatan lande ko ƙaguwa ba ya fara da kaɗan. In leɓe ya kumbura ko numfashi ya yi wuya, a garzaya asibiti. Shi ya sa ya kamata a san asibiti mafi kusa tun ranar sauka. Masu tsallaka iyaka su riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS da katin rigakafin shawara.

Daga ƙarshe, ƙauyen da ka je hutu gidan wasu ne. Ka gai da mai gari, ka nemi izini kafin ɗaukar hoton mutane ko wurin ibadarsu, kada yara su taka komar da aka shanya. Kowace safiya kuma, kafin kowa ya tsoma ƙafa, a tambayi masunci yadda ruwa ya kwana. In ya ce yau ba a shiga, to ba a shiga, ko da kuɗin hayar ranar ya tafi a banza.